Ƙera Wuƙa da Hannunka a Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Farawa

Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne, kuma ba da ƙira nake ci ba. Sha'awa ce ta sa nake hura wuta a bayan gida a unguwar Aboabo ta Kumasi, a ƙasar Gana, ranakun Asabar da Lahadi. Tun da aka fara ganin wuƙaƙen a hannun abokai, ba na rasa mai tare ni bayan Magariba ko a majalisar shayi, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Maganar nan kan wuƙar da ba ta naɗewa ce, irin ta kicin, ta fawa ko ta shiga daji.

Ban gaji ƙira ba. Zan iya kuwa?

Za ka iya. Abin da gado ke ba mutum shi ne ido, domin ɗan maƙeri ya tashi yana ganin launin ƙarfe a wuta tun kafin ya san sunansa. Kai sai ka sayi wannan idon da gawayi da ɓarnar ƙarfe. In akwai tsohon maƙeri a unguwarku, je ka gaishe shi da goro, ka ce: "Baba, na zo ne in ga aiki." Ka zauna ka yi masa zuga. Yini ɗaya a gindin wutarsa ya fi maka bidiyo hamsin a waya.

Dole ne sai na bugi ƙarfe da masaba?

A'a. Hanya biyu ce. Akwai bugu, inda ake gasa ƙarfe ya yi ja-ja zuwa ruwan lemo, wajen digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin Celsius, a daddake shi a kan uwar maƙera har ya ɗauki siffa. Akwai kuma gurza: ka samu ƙarfe shimfiɗaɗɗe, ka zana wuƙar a kansa, ka yanke, ka gurje duk abin da ba wuƙa ba. Duk wadda ka bi, a ƙarshe sai ta shiga wuta an taurara ta, kuma nan ne ake samun wuƙa ko a rasa ta.

Wasu na cewa wuƙar da ba ta sha bugu ba ba ta da ƙarfi. Ban yarda ba. Ƙarfen da ka saya ya riga ya sha matsa a masana'anta fiye da abin da damtsenka zai iya. Mai farawa ya fara da gurza, in ya ƙera uku ko huɗu sai ya nemi masaba.

Waɗanne kayan aiki zan fara saya?

Magagari babba mai kaushi da ƙarami mai laushi, zarton ƙarfe, abin matse ƙarfe da ake ɗaurewa a tebur, injin huda, samfefa daga lamba 80 zuwa 400, awartaki mai dogon hannu, da maganaɗisu. Maganaɗisun tsohuwar lasifika ya wadatar. In kana da giranda za ta rage maka wahalar yanka, amma karanta amsar da ke kan haɗari kafin ka kunna ta. Mai son bugu zai ƙara da guduma mai nauyin kilo ɗaya ko ɗaya da rabi, da wani dunƙulen ƙarfe mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da zai zama uwar maƙera. Kan babbar gudumar fasa dutse da aka kafa a kututture yana yin aikin.

Duk waɗannan akwai su tsakanin kasuwar Kejetia da Magazin ta Suame, matattarar kanikawa da masu kayan gyaran mota. A magagari kaɗai ban yarda a yi rowa ba, araha ba ta ado.

Wane ƙarfe ne ke yin wuƙa?

Wanda ke da isasshen sinadarin kabon, daga kashi 0.6 cikin ɗari zuwa kashi ɗaya. Kabon ne ke sa ƙarfe ya taurara in an tsoma shi da zafi. Rodin gini da ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi kabon ɗinsu kaɗan ne, wajen 0.2 zuwa 0.3. Za su yi siffa, za su yi ƙyalli, amma ka yanka albasa biyu kaifin ya kwanta. Mafi yawan masu kawo mini kukan "wuƙata ba ta riƙe kaifi" daga nan matsalarsu ta faro.

Mu a Kumasi mun yi sa'a, Suame cike take da tsofaffin sifirin na mota. Yawancinsu ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, mai kabon wajen 0.6 da ɗan kuromiyam. Yana da juriya, ba ya saurin karyewa, kuma yana yafe wa mai koyo kuskure. Aibinsa kauri da lanƙwasa: sau da yawa ya kai milimita 6 zuwa 10, sai an gasa an miƙar an rage. Kuma sifirin da ya shekara ashirin yana ɗaukar lodi a hanyar Tamale yakan ɓoye ƙananan tsaga. Guji wanda ya karye da kansa, da wajen ramin tsakiya.

Ga mai gurza, tsohuwar adda ta fi sauƙi, domin ba ta da kauri kuma ƙarfenta na kaifi ne tun asali. Tsohon magagari ma yana ba da wuƙa mai kaifi sosai, sai dai a fara laushe shi: a gasa ya yi ja, a binne a toka ya kwana. In kana da mai kawo maka kaya daga waje, ka ce ya sayo ƙarfen da ake kira 1084. Babu ƙarfen da ya kai shi sauƙin taurarawa a wutar gida.

Yaya zan gane ƙarfen zai taurara kafin in ɓata mako a kansa?

Ɗora shi a giranda ka kalli tartsatsi. Mai kabon da yawa yana fitar da tartsatsi mai rassa yana fashewa kamar wasan wuta, mai kaɗan kuwa dogayen layuka ne kawai. Wannan alama ce, ba hujja ba. Hujjar ita ce ka yanki ɗan guntu, ka taurara shi yadda na bayyana a ƙasa, ka matse shi, ka sa tabarau, ka buga da guduma. In ya ɓalle kamar gilashi, ka samu ƙarfe. In ya lanƙwashe, mayar wa mai gwangwan. Wasu magagarai masu araha fatarsu ce kawai ke da tauri, cikinsu laushi, kuma wannan gwajin ne ke tona musu asiri.

Me ya sa ba za a yi da ƙarfen da ba ya tsatsa ba?

Saboda wutar gida ba ta iya masa. Ƙarfe mara tsatsa yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma irin wanda ake wuƙa da shi sai an kai shi sama da digiri 1,000 an tsayar da zafin wuri ɗaya na tsawon mintuna, a tanda mai ma'auni. Wanda ake tukunya da tankin ruwa da shi kuwa ba ya taurara da tsomawa ko kaɗan.

Wace siffa da wane girma ya dace da wuƙar farko?

Ƙarama. Ruwan wuƙa santimita 9 zuwa 10, ƙota santimita 11, kauri milimita 3 zuwa 4. Kowane yaro da ya zo wurina takobi yake son farawa da shi, ni kuma nakan tambaye shi wace wuta ce za ta gasa masa tsawon nan gaba ɗaya. Zana a kwali, ka yanke, ka riƙe a hannu ka ji yadda ta zauna. Ka bar ƙarfen ya zarce har ƙarshen ƙota da faɗinsa, a manna itace gefe da gefe. Irin ta gargajiya mai siririyar wutsiya da ake cusawa cikin itace tana da kyau, amma daidaita raminta ya fi wuya.

Kar ka bar lungu mai kusurwa a inda ruwa ya haɗu da ƙota, zagaye shi, domin daga irin nan tsaga ke tashi. Kuma ka huda ramukan ƙusa yanzu. Bayan taurarawa bakin injin huda zai ƙone ne kawai.

Yaya ake fitar da gangaren kaifi ya daidaita gefe biyu?

Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin ƙarfen, ka ja layi a tsakiyarsa daidai. Shi ne alƙiblarka. Matse wuƙar a kan katako, ka riƙa tura magagari gaba, kana ɗaga shi in za ka dawo. Ƙirga turawa: talatin a wannan gefe, talatin a wancan. Shafa alli a haƙoran magagari don kada gari ya cushe su ya kakkarce maka aiki.

Kar ka kai ga kaifi. Bar bakin da kaurin milimita ɗaya. In ya yi siriri zai ƙone a wuta ko ya yi kwana-kwana a mai. Goge da samfefa zuwa lamba 220 kafin wuta, domin zurfaffen karce ma kan zama mafarin tsaga.

Wace irin wuta nake bukata?

Rami a ƙasa ko bulo shida da aka jera, da bututun ƙarfe da ke kawo iska ta gefe. In ba ka da zugazugi, na'urar busar da gashi ta isa, har ta yi yawa. A ƙasar Hausa gawayin ƙirya maƙera ke nema. A nan gawayi mai nauyi da ake kawowa daga arewa yana yi, ka farfasa shi kamar girman goro. Maƙeran Asante da yawa ɓawon ƙwallon manja suke hurawa, yana da zafi ƙwarai kuma ba tsada, sai dai hayaƙi da farko. In bututun mai rufin zinki ne, kar ya taɓa wuta. Dalili yana cikin amsar da ke kan haɗari.

To, yaya ake taurarawa?

Yi da yamma ko a inuwa mai duhu. A hasken rana ƙarfen da ya wuce misali ma baƙi za ka gan shi. Da farko hutar da ƙarfen: gasa shi ya yi ja, fitar, bar shi ya huce a iska har ya yi baƙi, sau uku. Wannan yana daidaita ƙwayoyin cikinsa, musamman in ya sha bugu, kuma yana rage lanƙwasa.

Sai babbar gasawa. Sa gadon bayan wuƙa a ƙasa, ka riƙa kai da komo da ita, kana kula da tsini domin shi ke fara ƙonewa. Kana yi kana taɓa ta da maganaɗisu. A wajen digiri 770 ƙarfe kan daina kama maganaɗisu, amma nan bai isa ba. Ana son 815 zuwa 830, wato launi ya ƙara haske kaɗan a kan wancan. Gishirin miya yana narkewa a digiri 801, don haka in ka barbaɗa 'yan ƙwayoyi suka narke, ka kusa. Launin ya zama ɗaya tun daga tsini har gindi, babu inuwa. Daga nan kada ka tsaya waige, tsoma ta cikin mai a miƙe, tsini a gaba, ka motsa sama da ƙasa. Kada ka kaɗa ta gefe da gefe kamar mai dama koko.

In ta huce, goge baƙin saman ka ja magagari a bakinta. In ya zame da ƙara kamar a kan kwalba, ta taurara. In ya ci, ko zafi bai kai ba, ko ƙarfen ba na wuƙa ba ne (koma kan gwajin guntu). A wannan lokacin kada ta faɗi ƙasa, kada ka gwada ta a kan komai, wuce amsar sassautawa (sake gasa ta da zafi kaɗan) kai tsaye.

Tsofaffi a ruwa suke tsomawa. Me ya sa ka ce mai? Baƙin mai fa?

Ruwa yana sanyaya ƙarfe da gaggawa fiye da abin da sifirin ke jurewa. Tsohon maƙeri ya san dabarar tsoma baki kaɗai ya cire, ya yi shekara arba'in yana yi. Kai za ka ji "ƙis" a cikin bokiti, shi ke nan aikin mako ya tafi. Na ji wannan ƙarar sau biyu, ba na fatan ta uku.

Yi da man gyaɗa ko man girki mara kauri, lita uku zuwa huɗu, a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ɗumama shi zuwa wajen digiri 50 ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe a ciki, domin mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin ɗauke zafi. Baƙin man mota kyauta ne a Magazin, na sani, amma hayaƙinsa guba ne kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Wuƙar da za ta taɓa nama ba ta dace da shi ba.

Ta taurara. Me ya sa kuma za a sake gasa ta?

Domin yanzu gilashi ce. Tauri ba tare da juriya ba karyewa ne. Sassautawa ita ce a mayar da ita zafi kaɗan don ta saki wani ɓangare na taurin ta samu ƙwari. Yi shi nan take, kada ta kwana, wata kan tsage da kanta a kan tebur.

In akwai tandar gas a gida, wanke man sosai (uwargida za ta gode maka), ka sa ta a digiri 200 na awa biyu, ta huce, ka maimaita. Lambar da ke jikin tanda ba abin dogaro ba ce, sayi ɗan ma'aunin zafi ka sa a ciki, ka binne wuƙar a farantin yashi don zafi ya daidaita. In babu tanda, goge ruwan wuƙar ya yi fari, ka ɗora gadon bayanta a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, kaifi a sama, ka zuba ido. Launi zai taso daga baya yana hawa zuwa kaifi: ruwan kara, ruwan zuma, shunayya, shuɗi. Da zarar ruwan kara ya isa kaifi, wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, tsoma a ruwa. Baya ya yi shuɗi ba laifi, alheri ne ma. Kaifi ya yi shuɗi kuwa ya kai wajen 300, ya yi laushi, sai an sake taurarawa.

Wannan matakin ne ba ya fitowa a hoto, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shi.

Ta fito daga mai a karkace, ko da tsaga. Akwai gyara?

Karkata tana gyaruwa. Matse ta jikin miƙaƙƙen ƙarfe, ka sa ɗan kwabo a inda zai tura ta ta wuce miƙewa kaɗan, ka sa su tare a zagaye na biyu na sassautawa. Kada ka buga da sanyi. Tsaga kam ba ta da magani, walda ba ta mayar da ita wuƙa. Karya ta ka duba ciki: in laushi ne toka-toka kamar siminti, zafinka daidai ne, laifin tsohuwar tsaga ce ko ruwa. In ƙwayoyi ne manya kamar sukari, ka ƙona ta.

Wane itace ya fi dacewa da ƙota?

Busasshe mai nauyi. A Sokoban, inda aka mayar da masu katakon Anloga, za ka samu guntayen tik, odum da mahogani da kafintoci ba su da bukata. Itacen wawa ba ya yi, farce ma yana shigarsa. Madobiya tana da kyau sosai, amma gwamnatin Gana ta hana saranta, kuma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke barazanar ƙarewa, ta sa wa ido. In ba guntun tsohuwar kujera ka samu ba, bar ta. Ƙahon sa daga mayankar Kaase yana yin ƙota mai ban sha'awa, sai dai wari wajen gurza.

Ajiye itacen a ɗaki ya yi watanni. Wanda ka haɗa da damina da ɗanyensa, hunturu na zuwa zai ja jiki, ka ga ƙarfe ya fito ta gefe.

Gam kaɗai ya isa ya riƙe ƙota?

Haɗa da ƙusa biyu ko uku na tagulla. Sandar tagulla da masu walda ke aiki da ita, mai kaurin milimita 3 ko 4, ta yi. Gama gyara gaban itacen kafin mannawa, don bayan haka ba za ka iya goge wurin ba sai ka karce ruwan wuƙa. Kakkarce fuskokin, goge maiƙo, shafa gam mai haɗi biyu irin mai jinkirin kamawa, matse ba da ƙarfi sosai ba, bar shi awa 24. Naɗe ruwan wuƙa da kwali da salatif kafin ka fara sassaƙa.

Yaya ake wasa ta, kuma yaya zan hana tsatsa?

A dutse da ruwa, da hannu. Giranda na iya ƙona bakin cikin daƙiƙa ɗaya ta rushe duk abin da ka yi a wuta. Kwantar da ita a kusurwar wajen digiri 20 kowane gefe, ta kicin 15. Ci gaba a gefe ɗaya har ka ji ɗan gashin ƙarfe ya juyo ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Ƙarasa a bayan tsohuwar belet ta fata.

Iskar Kumasi da laima take, damina biyu a shekara. Wanke, share nan take, shafa ɗan mai. In ta yi duhu-duhu bayan yankan albasa ko lemo, bar shi, kariya ce. Ja ne abokin gaba. Kube kuwa kai wa baduku, ka ce fatar da aka jeme da bagaruwa kake so, domin wadda aka jeme da sinadarin kuromiyam tana jawo tsatsa. Ya sa ƙarin fata a tsakanin ɗinki don kaifi kada ya yanke zare. Kuma kada wuƙa ta yi wata a cikin kube.

Mene ne haɗarin da ya fi kamata in kiyaye?

Giranda. Kada ka cire mata kariya, kada ka yi aiki da fasasshen faifai, kuma kada ka matso ta da jallabiya ko hannun riga mai lilo. Tabarau dole ne. Ƙurar ƙarfe, ta ƙaho da ta odum duk suna cutar huhu, sa abin rufe hanci na kirki. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba, don haka a fili ake hurawa. Hayaƙin zinki yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. In mai ya kama wuta rufe da murfi, kada ka zuba ruwa. Gidajenmu na Zango gidajen haya ne cike da yara, kuma baƙin ƙarfe ma yana iya zama da zafin da zai sale fata. Sanar da mai gida da maƙwabta tun kafin su ga hayaƙi.

Doka ta yarda in riƙa yawo da ita?

Sashe na 206 na dokar manyan laifuka ta Gana ta 1960 ya hana riƙe makami a bainar jama'a ba tare da izinin doka ba. Mahauci da ke hanyar mayanka ko mai cicinga (tsire) da ke zuwa wurin sana'arsa yana da abin faɗa. Saurayi da wuƙa a ƙugu a wurin biki ko filin ƙwallo ba shi da shi. In za ka kai wa baduku ko abokinka, naɗe ta ka sa a ƙasan jaka. Kuma ka san wa kake ba.

Zan iya yanka ragon layya da wuƙar da na ƙera?

Ba da ta farko ba, ta yi gajarta. Ajiye ta don fiɗa. Ta yanka tana son ruwa mai tsawo, siriri, marar giɓi ko ɗaya. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, don haka ranar Sallah ba ranar gwaji ba ce. Kafin ta matso dabba, sassare busasshen katako da ita, ka yanka igiya sau ashirin, sannan ka duba bakin a rana. In ya ɓalle, tauri ya yi yawa, ƙara sassautawa da digiri 10 zuwa 15. In ya kwanta, laushi ne, koma amsar taurarawa. In ta wuce wannan kuma har yanzu tana aske gashin hannu, kai ta wurin mahaucin unguwa ya yi aikin yini da ita, ka koma da yamma ka ji abin da zai ce.